Ƙaramar motar gudu a zafin Garwa: wane inji ya dace da ita?

Duk inda samarin gareji suka zauna a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, aka taso da zancen ƙera mota da hannu, irin ƙaramar nan mai kujera biyu wadda aka sauke mata duk wani tarkace sai abin da ya zama dole, kafin shayi ya huce hirar ta koma kan inji. Wannan ya ce a samo V6 na Camry, wancan ya ce sai mai turbo, wani kuma ya dage cewa V8 na Lexus ne kaɗai zai yi. Ni kuwa ina ganin tun daga nan ake sakin hanya. A motar da ba ta da nauyi, yawan doki, wato ma'aunin ƙarfin inji, shi ne abin da ake tambaya daga ƙarshe. Kafin a zo kansa sai an san nauyin injin, da giyabos ɗin da zai ɗauka, da yadda zai yi da ranar watan Afrilu, da irin man da za a riƙa ɗura masa, da kuma ko akwai kayansa a kasuwa ranar da ya kwanta.

Wannan salon mota yana da asali. A 1957 wani injiniya ɗan Ingila, Colin Chapman, ya fitar da Lotus Seven: firam na bututun ƙarfe, fallen alminiyam a kai, kujera biyu, ba ƙofa. Injin da ta fara fita da shi na Ford ne mai 1,172 cc, ƙarfinsa wajen doki 40, amma da yake motar ba ta kai kilo 500 ba, sai ta riƙa ba manyan motoci kunya a kwana. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, har yau kuma bai daina ba. A 2013 ma ya fitar da samfurin Seven 160 da ɗan injin Suzuki mai silinda uku, 660 cc, doki 80, nauyin motar kilo 490, tana kai gudun kilomita 100 cikin kusan daƙiƙa 7. A shekarun 1990 kuma masu ƙaramin ƙarfi a Ingila suka fara walda irin wannan firam a bayan gida, suna ciro inji da giya daga tsofaffin Ford, aka sa wa abin suna Locost. Hanyar da samarinmu ke son bi ke nan, kuma ina tare da su ɗari bisa ɗari, domin masu walda da masu gyaran bodi da muke da su a nan ba su gaza kowa ba.

Ga lissafin da ya kamata mutum ya yi kafin ya taka kasuwa. Mota mai kilo 600 da inji mai doki 100, kowane tan guda yana samun doki 167. Babbar jif mai kilo 2,500 sai ta tara doki sama da 400 kafin ta kamo wannan. Wato injin tasi na yau da kullum, in aka sa shi a firam marar nauyi, ya riga ya zama injin gudu ba tare da an taɓa masa ko kusa ɗaya ba. Sannan inji da giyabos tare sukan kai kilo 150, rubu'in motar ke nan. In ka ɗora ƙarin kilo 70 a hancinta, dole ka ƙara kaurin bututu, ka sa sifirin mai tauri, ka nemo babban birki da babban lagireto da babban tanki. Nauyi nauyi yake jawowa, kafin ka ankara motar ta kai kilo 850, abin da ka fita nema ya kuɓuce. Akwai kuma maganar rai. Mota mai kilo 600 ba ta da abin da zai danne tayoyin baya, ba ta da na'urar da za ta rage mata wuta in taya ta zame. Doki 250 a irin wannan mota, a kan kwaltar da iska ta watsa wa yashi, ga 'yan mashin ga awaki, neman halaka ne.

To, wace tambaya ce ta farko? Giyabos. Nan ne yawancin irin wannan aiki yake mutuwa, firam ya yi shekaru a kusurwar gareji kaji na kwana a ciki.

Motar salon Seven injinta a gaba yake, a miƙe bisa tsawon mota, giyabos na bayansa, farfela ta ɗauki ƙarfi ta kai wa aksul ɗin baya. Motocin da suka cika titunanmu kuwa, su Corolla da Carina E da Starlet da Yaris da Peugeot 206, duk masu jan gaba ne, injinsu a gicciye, giyabos ɗinsu a manne a gefe tare da abin da ke raba ƙarfi ga tayoyi. Wannan giyabos ba zai yi maka aiki da farfela ba. Saboda haka in ka sayi injin Corolla da araha kana murna, rabin matsalar ka saya.

Ka ɗauki 4A-FE, injin 1,587 cc da ke cikin Corolla da Carina E na shekarun 1990. Doki 100 zuwa 115 yake bayarwa gwargwadon shekararsa, bulok ɗinsa baƙin ƙarfe, kansa alminiyam, kuma babu bakaniken da bai taɓa kwance shi ba daga Ngaundere har Kusiri. Giyabos ɗin jan baya da ke hawa kansa kai tsaye shi ne T50, wanda ya zo a Corolla AE86 ta 1983 da 'yan uwanta. Wannan giyabos ya yi wuya yanzu, masu wasan mota a Japan da Turai da Amurka sun tsince shi, farashinsa ya tashi. In ba a same shi ba sai a koma ga faranti: a sassaƙa farantin ƙarfe da zai haɗa injin da wani giyabos dabam. Aikin yana yiwuwa, amma ba aikin awon ido ba ne. Tsakiyar karanshaf da tsakiyar sandar giyabos dole su dubi juna daidai, kuskuren da bai kai rubu'in milimita ba ya isa ya riƙa cin boris da kulochi kowane 'yan watanni. Wanda zai yi wannan aiki sai mai injin sassaƙa ƙarfe da ya san awo.

Ko an samu giyabos, sai ka juya injin ka ajiye shi a miƙe sannan za ka ga sauran rigimar. Delko, mai raba wuta ga fulogai, a ƙarshen kan injin yake ta ɓangaren giyabos. Yanzu ya koma baya, yana tokarar bangon da ke gaban ƙafar direba. Bakin da ruwan zafi ke fita shi ma yana can baya, alhali lagireto na gaba, sai an ja bututu ya zagayo. Bakin shan iska yana kallon inda bai kamata ba. Kaskon baƙin mai na ƙasa an yi shi ne don mai ya riƙa karkata ta wata fuska, yanzu fuskar ta canja. Kowanne yana da magani, amma kowanne mako ne na aiki da kuɗi, kuma gara a san da su tun kafin a yanka bututu na farko.

Akwai hanya ta biyu, wadda nake ganin ba a ba ta haƙƙinta a hirarrakinmu: kada ka raba injin da giyabos ɗinsa. Ka ɗauko su yadda suke a gicciye, da sandunan da ke juya tayoyi, ka dasa a bayan kujerar direba su juya tayoyin baya. Abin da Toyota ta yi ke nan a MR2 ta 1984, ta ɗauko kayan Corolla ta mayar baya. Haka Lotus ta yi a Elise ta 1996 da injin Rover mai doki 118 a mota mai kilo 725, daga baya a 2004 ta koma ga injin Toyota. Da wannan dabara duk injunan tasi na garin nan sun zama naka: 4A-FE, da 7A-FE mai 1,762 cc, da 1NZ-FE na Yaris mai 1,497 cc wanda duk jikinsa alminiyam ne kuma sarƙa ke juya masa taimin, da na Peugeot irin TU3 mai 1,360 cc da doki 75 ko TU5 mai bawul 16 da doki 110. Sai dai ita ma ba kyauta ba ce. Lagireto yana gaba inji yana baya, bututun ruwa zai bi tsawon mota, iska kan maƙale a ciki in ba a yi wurin fitar da ita ba. Wayoyin sa giya sai an sake masu hanya. Mafi girma kuma, wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyi ya koma baya. In direba ya shiga kwana da gudu ya ɗaga ƙafa daga totur farat ɗaya, bayan motar kan juyo ba sallama. Wanda zai bi wannan hanya sai ya zauna ya yi lissafin ƙafafun baya da kyau, kuma ya koyi tuƙinta a fili kafin ya hau titi.

In kuwa mutum ya nace sai inji a gaba, to ya nemi wanda tun daga masana'anta a miƙe yake, ya saye shi da giyabos ɗinsa. A nan Suzuki ta fi burge ni. Injin G13 mai 1,298 cc da ke cikin Samurai da Jimny na ƙarshen shekarun 1990 duk alminiyam ne, bai kai kilo 100 ba, gajere ne, ba ya cika wuri. Wani abin alheri kuma, a Samurai akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya a ware yake, ba a manne da giyabos ba, sai ka cire shi ka bar giya biyar mai jan baya, ƙarama marar nauyi. Mai bawul 16 yana ba da doki 80 da 'yan kai. G16 na Vitara mai 1,590 cc yana kaiwa wajen 95, shi kuma yana buƙatar ɗan siririn faranti kafin ya hau giyar Samurai, aikin da mutane da yawa suka riga suka yi. A mota mai kilo 550 wannan ya wadatar. Rauninsa ɗaya: kayan Suzuki ba su kai na Toyota yawa a shagunanmu ba, wani abin sai an aika Duwala, kasuwar Camp Yabassi, ko a tsallaka Yola.

Masu ƙaramin aljihu kada su raina 5K da 7K na Toyota Liteace, 1,486 cc da 1,781 cc. Tsohon yayi ne, yawancinsu kafireto, doki 65 zuwa 80, amma ba su da girma, a miƙe suke, kuma suna da haƙurin da ba a samu a sabbin injuna. Abin lura shi ne giyabos ɗin waɗannan ƙananan bas daga nesa ake sa masa giya, da sanduna ko waya, sai an yi masa dabarar hannu. Aksul ɗinsu ma na ɗaukar kaya ne. Ga misali: taya 185/60 mai rim 14 tana juyi kusan 918 a minti in ana gudun kilomita 100. Da aksul mai 4.1, wato farfela ta yi juyi 4.1 kafin taya ta yi ɗaya, da giya ta biyar mai 0.8, inji yana juyi wajen 3,000, hankali kwance. Da aksul mai 4.9 da giya huɗu kacal, juyi 4,500 ne, inji na ihu tun daga Garwa har Figil, mai na tafiya. Wanda ya zaɓi inji bai dubi aksul ba bai gama zaɓe ba.

Dattawan gareji za su ce ina Peugeot 504? Gaskiyarsu, ita ce ta yi mana hidima shekara da shekaru, tun ana haɗa ta a Kaduna daga 1975. Injinta mai 1,971 cc a miƙe yake, an kwantar da shi gefe da digiri 45, abin da ke rage masa tsayi, kuma ba ya tsoron man banza. Amma yana da nauyi, ba ya son juyi mai yawa, sannan a salun farfelar tana cikin wani bututu da ya ɗaure giyabos da aksul wuri guda, raba su sai da aiki. Injin Mercedes 190 shi ma haka, ƙarfi da juriya akwai, nauyi da tsayi sun yi yawa. Na BMW 318is, mai doki kusan 140, yana zuwa da giyabos mai kyau ƙwarai, ga wanda ke da mai haɗa masa waya da kuma hanyar samun kaya. Wanda ya fi kowa sa'a shi ne wanda ya samu Mazda MX-5 da ta yi haɗari. Motar ta fito a 1989 da inji 1.6 mai doki 115, mai jan baya ce, giyarta tana cikin mafi daɗin hannu da aka taɓa yi, kuma inji da giya da aksul da birki da sitiyari duk za su shiga firam ɗinka. A yankinmu dai ganinta sai an dace, sai dai a yi odarta ta Duwala ko Kwatano.

Gargaɗi ɗaya game da Honda, domin na ga samari na kwaɗayin injunan Civic. Tsofaffin, jerin B da D, juyinsu ya saɓa wa na sauran injuna. In ka haɗa su da giyabos ɗin jan baya na wata mota, giya biyar za su ja ka baya, ribas ce kaɗai za ta kai ka gaba. Jerin K da ya zo daga wajen 2001 shi ne ya dawo juyi irin na kowa.

Yanzu sai abin da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba, domin ba a ƙasarmu aka rubuta su ba: zafi. Man da inji ke ƙonawa, abin da ke isa taya bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Kusan kashi ɗaya yana fita ta salansa, kusan kashi ɗaya kuma lagireto ne zai zubar da shi. Lagireto kuwa yana aiki ne da tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iskar waje. Ruwan inji yana wajen digiri 90. A Ingila, ranar da iska ke 20, tazarar 70 ce. A Garwa ko Injamena a watan Afrilu, iska na 43, tazarar ta koma 47. Lagireto ɗaya, inji ɗaya, amma kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin sanyayawa ya tafi. Ga shi kuma hancin motar salon Seven ɗan tsukuku ne, ba ya ɗaukar babban lagireto. Duk dokin da ka ƙara, zafi ka ƙara, kuma ta wannan ɗan hancin zai fita. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya tsaya a doki 90 zuwa 130.

Shi ya sa ma nake jan kunne kan al'adar cire tamostat da ta zama ruwan dare a garejinmu. Yaro ya tambaya, a ce masa, "Ai na ƙasar sanyi ne, jefar da shi." In ya ce, "Maigida, to me ya sa masu motar suka sa?" sai a ce ya cika surutu. Yaron ne da gaskiya. A injuna da yawa tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji in ya yi zafi. In babu shi, wani ruwan ba ya bi ta lagireto sam. Inji mai injekta kuma in bai kai zafinsa ba, kwamfuta na ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai. Maganin zafi shi ne lagireto mai faɗi, fanka mai ƙarfi, a toshe duk gefen da iska za ta zille ba ta ratsa lagireto ba, a yi mata hanyar fita daga ƙarƙashin bonet, a sa murfi mai riƙe matsi wanda ke ɗaga tafasar ruwa zuwa wajen digiri 120. A kuma daina zuba ruwan rijiya zalla, yana cin alminiyam yana toshe ƙananan hanyoyi. Kan inji na alminiyam in ya tafasa sau ɗaya da kyau yakan lanƙwashe, gasket ya ƙone.

Mai shi ne na biyu. Litar fetur ɗin super a gidan mai ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024, kuma kowa ya san motoci da yawa na arewacin Kamaru da zuwa-zuwa suka saba, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, ko da yake shi ma ya yi tsada tun da Najeriya ta janye tallafi a Mayun 2023. Man kwalba da jarka ba ka san abin da ya gani a hanya ba: ruwa, ƙura, wani lokaci har da gauraye. Injunan da ake yi wa kirari, irin 4A-GE mai bawul 20 da doki 165, ko 2ZZ-GE mai doki 190, ko na Honda S2000 mai doki 240 da ke juyi har 9,000, duk matsinsu, wato yadda fistin ke danne iska da mai a silinda, 11 ne ko sama, an yi su ne don mai mai okten 98 zuwa 100, okten kuwa shi ne ma'aunin juriyar fetur ga matsi. Fetur ɗin Najeriya wajen 90 ko 91 yake. In matsi ya yi yawa, iska ta yi zafi, mai kuma ba shi da ƙarfi, sai ya riƙa fashewa da kansa kafin wuta ta gama bin sa. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in ka taka a hawa. Wannan ƙarar fistin take ci. Inji mai sensa zai ja wuta baya ya ceci kansa, dokin da ka biya kuɗi dominsu su tafi. Marar sensa kuwa sai ya buga. 4A-FE matsinsa 9.5 ne, shi ya sa yake cin abin da ya samu ya yi shiru. Yana da wata falala kuma: in bel ɗin taimin ya tsinke, fistin ba ya dukan bawul, sabon bel kawai za a sa. A injunan TU na Peugeot tsinkewar bel na nufin bawul sun lanƙwashe.

Turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yana da hujja guda a ƙasarmu. Ngaundere tana kan tudu wajen mita 1,100, kuma inji marar turbo yana rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100, don haka wanda ya hau Falez, hawan dutsen da ke kafin Ngaundere, daga ɓangaren Garwa zai isa sama da ragin kusan kashi goma. Turbo na cike wannan giɓi. Amma yana dafa iskar da inji ke sha, yana dafa baƙin mai, yana neman mai mai kyau, yana ƙara bututu da wani lagireton iska a hancin da ma ba wuri. Mota mai kilo 600 ba za ta ji ragin kashi goma ba. Ban ga dalilin ɗaukar wannan kaya ba.

Dizal da manyan V6 da V8 ba sai an daɗe a kansu ba. Injin Land Cruiser ya ninka na Corolla nauyi fiye da sau biyu. V8 na Lexus mai 3,969 cc inji ne na ƙwarai, amma faɗinsa zai cinye wurin ƙafar direba, kuma kusan kullum da giya mai sarrafa kanta yake zuwa.

Injin babban babur ne ke da ɗan jan hankali. Suzuki Hayabusa ta 1999 tana da 1,299 cc da doki kusan 175, inji da giya shida a dunƙule ba su kai kilo 100 ba. A filin tsere babu kamarsa. A titi kuwa babu ribas, kulochinsa na jan abin da bai kai rabin nauyin motarka ba ne, ƙarfinsa sai a juyi mai yawa yake fitowa, ga ɗan janareto da ba zai riƙe manyan fitilu da fanka ba. Babur kwanciya yake yi a kwana, mai ya zauna a ƙasan kasko. Mota ba ta kwanciya, sai man ya gudu gefe famfo ya sha iska. Ranar da wani abu ya karye a ciki kuma, babu shagon da zai ba ka shi a Marwa.

Ƙura da ƙasa su ma suna da ta cewa. Hotunan da ake gani na kafireto a jere da bakinsu a buɗe ba na ƙasar hunturu ba ne. Ƙurar da ke tasowa daga Bodele a arewacin Cadi laushi gare ta kamar ba komai, amma ita ke goge ringi da silinda. A sa akwatin matatar iska ta takarda, babba, irin na Hilux, ko da zai ɓata kyan gani. Sannan motocin Seven na Turai kaskon mansu bai fi santimita 10 daga ƙasa ba. Tudun rage gudu na ƙauyukan da ke kan hanyar Marwa zai fasa shi a fita ta farko. Mu sai mun nemi santimita 15 ko fiye, da farantin kariya. Ma'ana injin zai ɗaga sama, don haka gajeren inji ya fi dogo. Wannan na cikin abin da ya sa ban sa 1ZZ-FE na Corolla mai 1,794 cc a gaba ba: dogo ne, kuma na shekarun farko an san su da shan baƙin mai.

Kan waya kuwa, shekarar inji tana da muhimmanci. Injunan ƙarshen shekarun 1980 zuwa wajen 1997 su ne daidai: suna da injekta, suna tashi da bugu ɗaya, ba sa shan mai, kuma kwamfutarsu ba ta neman izinin kowa. Daga 1998 Turai ta wajabta na'urar hana sata a sabbin motoci, sai kwamfuta ta ga makullinta take sakin wuta. A irin su Peugeot 307 har da wani akwatin lantarki na cikin mota da dole ya yi magana da ita. Ka je shagon injunan Beljiyam ka duba da idonka: inji a ƙasa kan tsohuwar taya, an datse wayarin da almakashi dab da bango, tiyo a yanke, ba kwamfuta ba makulli. Irin wannan na musanya ne ga wanda ke da motar, ba na mai ƙira ba. Akwai kwamfutocin da ake saitawa da hannu, irin Megasquirt da Speeduino, kuma ɗaliban fasaha na jami'o'in Marwa da Ngaundere za su iya da su, sai dai saitin yana cin lokaci.

Da ni za a tambaya, ga inda na tsaya. Mai son inji a gaba ya nemi Samurai ko Vitara da bodinta ya mutu. Mai son kayan da ko a Gidar ko Mora zai samu, ya ɗauki Corolla ko Carina E mai 4A-FE ya mayar da injin baya, ya ba ƙafafun baya lokacin da suke buƙata. Ko wanne ka zaɓa, motar gaba ɗaya za ka saya, kada ka sayi inji tsirara. Ka ji shi yana aiki kafin a kwance. Ka sa gejin awon matsi a kowace silinda, kada bambancinsu ya wuce kashi goma cikin ɗari. Ka buɗe murfin mai, in ka ga fari-fari mai kauri a jikinsa, ruwa ya shiga, ka bar shi. Ka ciro wayarin ɗungurungum da kwamfuta da makulli da famfon mai da agogon gaba, kowace waya ka ɗaura mata takarda da sunanta. Sai inji da giya da aksul da kujera sun zauna a ƙasa a inda za su zauna, direba ya shiga ya miƙe ƙafa, sannan a zana firam a kewaye da su.

Kafin duk wannan kuma, ka je ofishin sufuri na jiharka ka ji sharuɗɗan yi wa motar da aka ƙera da hannu rajista, ka ji ta bakin kamfanin inshora. Ƙarfin da aka rubuta a takardar mota shi ke yanke harajin shekara da kuɗin inshora, ƙaramin inji a nan ma ya fi sauƙi. Ka adana takardun motar da ka yanka da rasidin saye da na kwastan, kuma kada mai walda ko mai fenti ya rufe lambar da ke jikin bulok.